Sauron Baba Haladu

Ku da kuka san Baba Haladu mai gyaran rediyo na Hayin Banki, ku faɗa mini tsakaninku da Allah, akwai wanda ya taɓa ganin kuncinsa na hagu babu tabo? Babu! Ni jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, a gabansa na yi rarrafe, na yi aure, na haihu, amma ban taɓa ganin fuskar tsohon nan fes ba. Kullum da ɗan zobe ja a kunci, wata rana biyu, ranar da abin ya motsa kuwa sai ka rantse ƙudan zuma ne suka yi masa rubdugu. Ga shi fari, komai ƙanƙantar abu sai ya nuna. To tunda an yi sadakar arba'in, ido ya ɗan bushe, kuma jika tana da izinin tsokanar kakanta ko yana ina, yau sai na fasa ƙwai.

Bari in yi wa waɗanda ba su taɓa leƙa cikin rediyo ba bayani. 'Yan ƙananan kayan nan da ke ciki, kowanne ƙafafunsa a soke suke cikin wani faifai da ake kira fanel, an liƙe su ta baya da dalma. In ɗaya ya mutu za a cire shi, sai a ɗora ƙarfe mai zafi dalmar ta narke, a yi wuf a zuƙe ta kafin ta daskare. Abin zuƙewar wani ɗan famfo ne mai kama da babban sirinji. Ka danna sandarsa ta maƙale, ka kafa bakinsa a kan dalmar, ka taɓa maɓalli, fat! Dalma ta shige cikinsa, rami ya fito tas. Sauran masu gyara da Turanci suke kiransa. Baba kuwa Sauro ya raɗa wa nasa. Kuma duk safiyar Allah, kafin ya taɓa kayan kowa, sai ya ɗana Sauro, ya manna shi a kunci, ya saki. In ya kama fata ya riƙe, to yau akwai aiki. In ya yi sako-sako, sai a kwance shi a yi masa wanka.

Na taɓa ce masa, "Baba, ba a yatsa ake gwadawa ba?"

Ya ce, "Yatsa ya yi kanta, Amarya, maƙaryaci ne. Kunci ba ya ƙarya."

Amarya yake ce mini, irin wasan nan na kaka da jika, har na zama uwar 'ya'ya bai daina ba.

Abin da yake tinƙaho da shi a duniya ɗaya ne. A bayan fanel akwai wasu siraran layuka na tagulla, su ne hanyar wuta. In ƙarfe ya daɗe a kai, ko aka fizgi kaya dalma ba ta gama fita ba, sai layin ya ɗaye, an cuci mai kaya ke nan. Baba ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa ɗaye layi ba, kuma a gaban shaidu ya sha faɗa: "Ranar da na ɗaye layi ɗaya, ranar zan rufe shagon nan in ba Darakta mabuɗi." Darakta shi ne Abbanmu. Ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunansa, da ya samu aikin gwamnati sai ya laƙaba masa wannan tun yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis. Shi kuwa Abba babu abin da yake so irin Baba ya bar shaƙar hayaƙin dalma, ya kwashi kakarmu Inna Kulu su koma ɗakin da ya gina musu a gidansa na Unguwar Rimi. Da ya ji wannan alwashi, wallahi washegari ya sayi kwaɗo sabo ful ya jefa a mota. Shekara da shekaru kwaɗon nan yana yawo a motar Abba yana jiran Baba ya yi kuskure.

Kun tuna ranar ɗaurin aurena? Da safiyar ranar sifirin tsohon Sauro, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinsa mai harbo sandar, ya karye. Baba shi ne waliyyi, gida cike da baƙi, an sa ɗaurin aure bayan Azahar, sai aka nemi mutum aka rasa. Ashe ya zura babbar rigar bikin ya tare Ɗanliti mai keke, sai babbar kasuwa. Ɗanliti yana nan da ransa, shi ya ba ni labari, in ƙarya nake ya tashi ya ƙaryata ni.

Ya ce mai shagon ya zube musu kwali guda na famfuna, Baba ya naɗe hannun riga kamar mai zaɓen ragon layya. Ya ɗauki na farko ya ƙwanƙwasa.

"Wannan na roba ne. Faɗuwa ɗaya, sai a yi masa sutura. Kawo na alminiyam."

Aka kawo wani jibgege. Ya ɗana, ya manna a kunci, fat! Har hularsa ta karkace.

"A'a, wannan jaki ne, harbi yake. Ya zuƙi dalma ya haɗa da layi, Darakta ya yi bikin kwaɗo."

Wani kuma maɓallinsa ya yi nisa da babban yatsa. Baba ya ce, "Hannu ɗaya yana riƙe da wuta, sai in ajiye in tafi har unguwar Kawo neman maɓalli?" Wani ba ya kwancuwa balle a zubar da dalmar da ya haɗiya. Baba ya ce, "Mai ci ba ya kasayarwa ai ajalinsa a kusa yake." Wani ya latsa bakinsa da farce ya ji laushi, ya ce wannan yana jin ɗumin ƙarfe zai narke, a zo ana neman mai zuƙe shi shi ma. Kuma duk wanda ya taɓa sai ya ɗanɗana kunci. Hagu ya cika, Baba ya juya dama.

Mai shago ya haɗa hannu. "Baba, don girman Allah ɗauki wanda kake so kyauta ka tafi. Dubi jama'a sun taru, suna zaton ƙaho nake yi wa mutane."

Baba ya ce, "Kyauta ba ta zuƙar dalma. Miƙo mini na can baya."

Na can bayan ne ya ci jarrabawa, ya gaji sunan Sauro. Suka iso liman ya riga ya zauna, Abba yana ta zufa yana duba hanya. Ku je ku buɗe hotunan bikina, duk inda Baba ya fito za ku gane shi ba sai an nuna muku ba. Da yamma ya shigo cikin gida gaisawa da mata, gwaggon ango ta bi shi da kallo, ta matso kusa da Inna Kulu ta rage murya.

"Hajiya, wannan tsagar wane gari ce? Ban taɓa ganin irinta ba."

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ta babbar kasuwa ce, layin masu kayan wuta."

Ita Inna dama tsakaninta da Sauro ba a ga maciji. Shagon a jikin gidan yake, akwai ƙofa ta baya da ke ɓullowa tsakar gida, kuma ta wannan ƙofa kayanta suke ɓacewa. Basilin ɗinta kullum da shaidar yatsa a ciki, don Baba da shi yake shafa wa robar cikin famfo kada ta bushe iska ta riƙa zurarewa. Ga shi ba ya zubar da dalmar da Sauro ya amayar, tara ta yake a gwangwanin madara, wai za ta yi amfani wajen liƙin waya. Ranar da ta kama shi yana narkar da ita a ludayinta na miya, ranar ta yi rantsuwa ƙafarta ba za ta ƙara taka shagon nan ba. Kuma ta cika, sai dai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi faɗanta daga nan.

Ni ma ban tsira ba. Na zo musu yini da ɗana Sadiƙu yana jariri, na wanke fidarsa ta shan madara sabuwa dal, na kife a faranti ta sha iska. Na dawo zan haɗa masa madara, sai na ga an yanke kan nonon fidar ƙat, yanka mai kyau kamar na tela. Yaro yana ta tsala ihu, ni ina ta zagin ɓera. Inna ta karɓa ta duba, ta ce, "Ɓeran gidan nan ba shi da reza." Ta miƙe sai bakin ƙofar shago.

"Malam!"

Ga Sauro a kan teburi sanye da kan fidar ɗana a baki, ɗas da shi. Baba ko kunya, har murna yake. "Ku zo ku ga ikon Allah! Robar nan ba ta jin zafi, ai shi ya sa kuke dafa ta. Tana kwanciya a kan fanel luf, iska ba ta samun hanya. Zuƙa ɗaya, rami sai ka hango Zariya ta ciki!"

Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba! Ba ka jin kukan yaron nan? Da me zan ba shi madara?"

Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi. "Amarya, ki duba lamarin nan da idon basira. Yaron nan yana da uwa. Sauro maraya ne."

Kai jama'a! Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Da Abba ya ga kwaɗo yana neman yin tsatsa, sai ya sauya dabara. Ya ce in Baba ba zai bar aiki ba, to bari a sauƙaƙa masa. Ya je kwas Legas ya dawo da wata na'ura mai siffar bindiga, irin ta zamani, ita ke narkar da dalma ita ke zuƙewa lokaci guda. Ya tara mu a shago, yara da jikoki, aka yi sa'a akwai wuta. Ya jona ta, ya gyara tsayuwa, ya fara karanta takardar bayani da Turanci yana fassarawa kamar yana gaban kwamiti. Baba yana ta jujjuya bindiga, yana leƙa bakinta, kunne ɗaya yana wajen Darakta ɗaya yana wani gari. Dukkanmu mun ga hannunsa yana ɗagawa. Dukkanmu mun san inda za shi. Babu wanda bakinsa ya buɗe da wuri.

"Wayyo Allah na!"

Shago ya ɗauki ƙaurin fata. Bindiga ta yi gabas, tabarau ya yi yamma. Inna ta sheƙo da zuma, ta ci birki a bakin ƙofa saboda rantsuwarta, ta miƙo mini kwalbar tana salati. Abba ya daskare da takarda a hannu, wai saura layi ɗaya ya kai wajen gargaɗi. Baba yana dafe da kunci, ido ya yi ja, ya dube shi ya ce, "Darakta, in gado kake so ka faɗa mini in raba muku. Ba sai ka soya ni ba."

A ranar bindiga ta koma kwalinta. Duk tabon da Sauro ya yi masa yakan goge ya sake sabo, wannan kaɗai ya zauna, da shi aka binne shi.

Akwai maganarsa da na san kowa a layin nan ya haddace: "A ƙara kafin a rage." Tsohuwar dalma in ta bushe ta yi taurin kai, ko ka kwana kana gasa ta ba za ta fito ba, sai dai ka ƙona fanel. Sai ka ɗiga mata sabuwa, su gauraya, ta saki jiki, sannan ka zuƙe su tare. Baba ya mai da wannan dokar zaman duniya. In zai yi wa maƙwabci ƙorafin kwata, sai ya fara kai masa goro. In ya ɓata wa Inna rai, ba ya buɗe baki sai ya ajiye ƙunshin balangu a gabanta. Har ta kai in ta hango shi da ƙunshi, kafin ya yi sallama take cewa, "To, yau kuma me za a zuƙe?"

To yanzu ku gyara zama, don wannan ba kowa ya sani ba.

A 'yan shekarun nan hannun Baba na dama ya fara rawa. Da farko ya ɓoye. Sai muka ga yana shan koko da hannu biyu, wai sanyi. Sai muka ga yana mai da manyan ayyuka, wai ba shi da lokaci, mutumin da ke zaune yana korar ƙuda. Ni na gane, Inna ta gane, Abba ma ya gane, ya sa aka goge kwaɗo. Kuma maganar gaskiya tsoro ya kama ni, don na san in aka rufe shagon nan aka kai Baba Unguwar Rimi ya zauna a bayan katanga yana kallon fulawa, ba zai yi nisa ba.

Ana haka sai Alaramma Isiyaku, mai makarantar Alƙur'ani ta bayan layinmu, ya aiko da amfilifayarsa, wato akwatin da ke ba lasifika murya. Tsohuwa ce tukuf, tun tana sabuwa Baba ke kula da ita. Ta mutu ana saura 'yan kwanaki walimar saukar ɗalibai, kuma cikin masu saukar har da Sadiƙuna, mai fida. Wannan aiki Baba ba shi da bakin mai da shi. Ya buɗe ya gano cutar: wani baƙin kaya ne babba da ake kira ai-si, ƙafafunsa jere reras kamar haƙoran matsefi, kusa da juna, kowacce da siririn layinta. Sai an zuƙe kowace ƙafa tas kafin ya fita. Ya sayo sabon, ya ajiye, ya yini biyu yana kallonsu.

Ranar da ya yi niyya na je kai musu abinci da rana, sai ga motar Abba a ƙofar gida. Wai ya zo gaisuwa. Gaisuwa da aljihu a kumbure! Ya samu benci a cikin shago ya zauna ya harɗe hannu.

Baba ya gwada Sauro a kunci, ya kama. Ya ɗauki ƙarfe da dama, Sauro da hagu. Bakin ƙarfen nan ya riƙa rawa a saman fanel, ya kasa sauka wuri ɗaya. Ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Sai ya kama wuyan hannun daman da hagunsa, ƙarfe ya tsaya cak. To ga ƙarfe ya tsaya, amma hannu biyu sun ƙare, wa zai riƙe Sauro?

"Amarya, zo nan."

Ya ba ni wani mataccen fanel in gwada. Na danna kafin dalma ta narke. Na sake, na danna bayan ta daskare. Na uku na zuƙi iska zalla. Ya karɓe abinsa ya ce, "Ke ko sauron gaske ba za ki iya kashewa ba."

Abba ya yi gyaran murya. "Baba, in babu dama, ai ba abin kunya ba ne. Ko in riƙe maka?"

"Kai? Kafin a kawo maka fayil ka sa hannu, dalma ta koma dutse."

Baba ya dubi ƙofar baya. Can sai ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita. Abba ya taɓa aljihu. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, Baba ya sallama. Ba a jima ba sai ga shi da ƙunshin balangu, har da goro fari a kai. Ya wuce mu ya shiga tsakar gida, muka bi shi da sanɗa. Inna tana zaune tana tsince shinkafa. Ya ajiye a gabanta. Ta dubi ƙunshi, ta dube shi.

"To, yau kuma me za a zuƙe?"

Ya ce, "Dalma, Hajiya." Ya miƙa mata hannunsa na dama, ya bar shi yana rawa a gabanta, abin da bai taɓa yarda wani ya kalla ba. "Hannu nake nema aro."

Inna ta daɗe tana kallon hannun nan. Ta ture farantin shinkafa, ta ce, "Rantsuwata fa?"

"Ni zan ciyar da miskinan kaffara."

"Da ludayina?"

"Zan sayo sabo."

"Shekara nawa kana faɗin haka." Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta ce in ɗauko mata tabaranta. Jama'a, da idona na ga Inna Kulu ta tsallaka ƙofar shagon nan, har da bisimilla kamar mai shiga jirgi!

Baba ya nuna mata yadda ake ɗanawa, ya ce, "To fara gwada shi a kunci."

Ta ce, "Ni? In manna wannan ƙazamin abu a fuskata? Allah ya sawwaƙe! Ko a mafarki. Mahaukaci ɗaya ya ishi gida."

Ya haƙura. Ya ce, "In na ce yanzu, sai ki danna."

Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan, yaushe ka taɓa cewa yanzu na yi?"

Ya riƙe ƙarfe da hannu biyu ya ɗora a ƙafar farko. Muka ɗauke numfashi. Kafin ya buɗe baki, fat! Ya zabura.

"Ban ce yanzu ba!"

"Ta yi ƙyalli. Mai in ya yi zafi a kasko sai an aiko mini da sanarwa?"

Ya ɗauki madubin ƙara girma ya duba. Rami tas, haske yana ɓullowa ta ciki! Na buga guɗa, Baba ya daka mini tsawa wai zan firgita dalma. Suka ci gaba. Shi yana cewa ta cika gaggawa, ita tana cewa ya cika nawa. Fat! "Matsar da kanki, kin tare mini haske." Fat! "Kai ka matsar da gemunka, zai kama wuta." Fat! Sauro ya cika, ta ɗana shi ya tofar da dalma a kan zaninta, ta ce sai ya biya. Ni ina tsaye ina ta tsalle a wuri ɗaya kamar yarinya, Abba kuwa tuni ya bar benci ya zo yana leƙe ta kafaɗarsu.

Sai aka zo kan wata ƙafa ta can ƙarshe, mai kaurin dalma, tsohuwa, ta yi baƙi. Inna ta zuƙa, rabi ya fito. Ta sake, ta ƙi. Baba ya gaji, hannu biyun ma suka fara rawa tare, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ya danna ƙarfe ya ƙi ɗagawa, taurin kai ya motsa. Na fara jin ƙaurin fanel, wurin ya soma sauya launi. Wallahi na rufe ido, na ce layin nan ya tafi, shago ya tafi.

Sai na ji muryar Inna, a hankali, ba irin ta faɗa ba. "Malam, ɗaga ƙarfen."

Bai ɗaga ba.

"Haladu. Ɗaga."

A rayuwata ban taɓa jin ta kama sunansa ba sai ranar. Ya ɗaga. Ta bari wurin ya huce, ta sa gefen mayafinta ta share masa goshi, ta ce, "Kai da bakinka kake damun unguwa da a ƙara kafin a rage. Yau da ta zo kanka ka manta?" Ta waiga. "Kai, miƙo zaren dalmar can." Abba take nufi.

Abba ya ɗauko. Baba ya dube shi, shi ma ya dubi Baba. Sai Abba ya durƙusa da shaddarsa a ƙasan shagon nan mai ƙura, ya kafa bakin zaren a kan ƙafar. Baba ya sauke ƙarfe, sabuwa ta narke ta rungumi tsohuwa, wurin ya yi ƙyalli. Fat!

Ai-si ya sulale da kansa ya faɗo kan teburi, ƙwal, babu wanda ya ja shi.

Baba ya juya fanel, ya bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya da madubi. Da ya kai ƙarshe ya ajiye madubi, ya ɗago, ya ce, "Darakta, yaya labarin kwaɗo?"

Abba ya zaro shi daga aljihu, idonsa ya kawo ruwa, yana dariya. Ya miƙa wa Inna ya ce ta sa a akurkin kaji. Yana nan a jikin akurkin har yau, ku je ku gani.

Ranar walima amfilifayar nan ta yi ƙara har sai da Alaramma ya sa aka rage. Da Sadiƙu ya karɓi lasifika ya fara karatu, Baba ya zunguri na kusa da shi ya ce, "Ka ji murya? Don bai sha fida da yawa ba ne."

Daga ranar shago ya koma na mutum biyu. Duk wanda ya wuce da hantsi zai ji su, fat, faɗa, fat, faɗa. Haka suka yi ta yi har ciwon ajali ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ya tafi bai ɗaye layin kowa ba, kuma ba Darakta ne ya rufe shagon ba.

Shekaranjiya na je duba Inna, tana cikin takaba. Na same ta a ɗaki a kan darduma, ta idar da walaha, ta juyo za ta amsa gaisuwata. Sai na ga wani ɗan zobe ja a kuncinta na hagu. Na ƙura ido. Ta ja mayafi za ta rufe, ta ga na riga na gani, sai ta saki. Ta ɗaga gefen dardumar, ga Sauro a kwance, ga kwalbar basilin ɗinta kusa da shi.

Ta ce, "In aka bar shi a ajiye robarsa bushewa take. Shi ya sa nake shafa masa da safe." Ta shafa kuncin. "Yatsa ba ya faɗin gaskiya. Har yanzu yana kamawa, Amarya."

Ita ba ta taɓa kirana da wannan suna ba. Na buɗe baki zan tsokane ta, in tuna mata wadda ta ce ko a mafarki, sai na fasa. Na kwantar da kaina a cinyarta muka yi ta kuka.

Allah ya jiƙan Baba Haladu, ya yafe masa kurakuransa, har da na fida da na ludayi, mu dai mun yafe. Yadda ya riƙe amanar kayan mutane bai cuci kowa ba, Allah ya riƙe shi da rahama, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci. Allah ya ba Inna haƙuri, ya haɗa su a Aljanna inda hannu ba ya rawa. Amin.